Daga Kan Yumɓu Zuwa Kufai: Rayuwar Bernard Fagg da Darasinta ga Yankin Funtuwa da Malumfashi

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun rayuwar Bernard Fagg (1915-1987), Baturen Ingila wanda ya fito da al'adar Nok fili, ya kuma kafa Gidan Tarihi na Jos. An duba tasowarsa, da aikinsa a filayen haƙar kuza, da tone-tonen da ya gudanar a Rop da Taruga, da nazarinsa a kan duwatsun Birnin Kudu. Maƙalar ta nuna cewa abin da ya fi daraja a aikinsa shi ne nacin da ya yi, na shekaru masu yawa, wajen neman mazaunin mutanen da suka gina mutum-mutumin Nok, domin sanin abin da suka ci da sana'ar da suka yi. Daga ƙarshe an auna wannan darasi da halin da kufai suke ciki a yankin noma na Funtuwa da Malumfashi.

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami manomi a kudancin Katsina wanda garmarsa ba ta taɓa tono tsingaron tukunya ko ɓallen dutsen niƙa ba. Wani lokaci ma akan tsinci ɗan gogaggen dutse mai kaifi a baki ɗaya, wanda Bahaushe yake kira gatarin aradu, bisa imanin cewa tsawa ce ta jefo shi. Masana ilimin kufai, wato masu gano tarihin mutanen da ta hanyar tona abin da suka bari a ƙasa, sun tabbatar da cewa wannan dutse gatari ne na sosai, wanda hannun ɗan'adam ya goge tun kafin ƙarfe ya wadata. Ke nan ƙasar da ake nomawa a yau tana ɗauke da shaidar wasu al'ummomi da suka riga sarakuna da birane da rubutu.

Daga cikin waɗanda suka fara karanta irin wannan shaida a Arewacin Nijeriya bisa ƙa'idar ilimi, babu wanda sunansa ya kai na Bernard Fagg fitowa. Manyan ayyukansa a tsaunukan Jos da kudancin ƙasar Zazzau da Birnin Kudu ya yi su, amma matsalar da ya yi fama da ita, wato kayan tarihi da ake fitarwa daga muhallinsu ba tare da an rubuta komai ba, ita ce take addabar ƙasar Katsina a yau. Wannan ne dalilin waiwayar rayuwarsa.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Bernard Evelyn Buller Fagg ranar 8 ga Disamba, 1915, a unguwar Upper Norwood da ke kudancin Landan. Mahaifinsa, William Percy Fagg, mai sayar da tsofaffin littattafai ne, don haka a cikin takardu ya tashi. Yayansa, William Fagg, ya zama babban masanin sassaƙa da ƙere-ƙeren Afirka a Gidan Tarihin Birtaniya. Shi kuwa Bernard ya yi karatu a Kwalejin Downing ta Jami'ar Cambridge, inda ya nazarci harsuna da adabin Girka da Rum na da, sannan ilimin kufai da ilimin al'adun ɗan'adam.

A 1939 ya shiga aikin mulkin mallaka, aka turo shi Nijeriya a matsayin ƙaramin jami'in mulki. Yaƙin Duniya na Biyu ya kai shi Gabashin Afirka tare da sojojin Afirka ta Yamma. A Kenya ya haɗu da Louis Leakey, masanin da ya shahara wajen binciken asalin ɗan'adam, ya kuma ga yadda ake tono a ƙasar Afirka. A can ne kuma ya auri Catherine Davidson a 1942, wadda ta zama abokiyar aikinsa har ƙarshen rayuwarsa. Da ya dawo Nijeriya, Jos ce ta zama mazauninsa.

3.0 Filin Kuza da Kan Jama'a

Jos ta wancan lokaci gari ne da kuza ta kafa. Kamfanonin Turawa suna fasa tsofaffin kwaruruka suna wanke tsakuwa, dubban leburori kuma suna sara da diga da shebur, suna ɗaukar ƙasa a kwano. Da yawansu Hausawa ne 'yan cin rani daga ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato. Bayan Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya a 1942, gwamnatin mallaka ta ƙaƙaba aikin tilas a filin kuza har zuwa 1944, abin da talakawa suka laƙaba wa suna ɗiban gwamna, kuma mutane da dama sun halaka saboda sanyi da yunwa da cuta. Ya kamata a riƙe wannan a zuci, domin hannuwan waɗannan leburori ne suka fara fito da kayan da duniya take alfahari da su a yau.

Tun a 1928 aka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a wata mahaƙa kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Ham, waɗanda Hausawa suke kira Jaba. Kanar Dent Young, ɗaya daga cikin masu mahaƙar, ya kai shi Jos aka ajiye a ma'aikatar ma'adinai, ya zauna shekaru ba wanda ya san matsayinsa. A wajajen 1943 kuma aka sake tono wani kan, mai girma da kyan ƙira, a yankin Jama'a. Wani malamin mahaƙa ya tafi da shi gida ya kafa a gonarsa ta doya don korar ɓarna, har ya shekara a nan, kafin manajan mahaƙar ya gan shi ya kai shi Jos. Labarin da ake bayarwa bai adana sunan malamin ba, balle na leburan da digarsa ta fara taɓa kan.

Da aka nuna wa Fagg wannan kai, sai ya tuna da na 1928. Ya jera su ya ga salo ɗaya ne: idanu masu kusurwa uku, da huda a ƙwayar ido da hanci da kunne, da cikin da aka bari a fanko kamar tulu, da yumɓu mai haɗe da ɓarzajjen dutse. Tazarar da ke tsakanin wuraren biyu ta nuna masa cewa wata al'umma ce mai faɗi ta yi wannan aiki. A 1945 ya buga bayaninsa na farko a mujallar Africa, ya kuma raɗa wa al'adar sunan ƙauyen da aka fara tsintuwa. Daga nan ya dinga bin mahaƙu yana roƙon manajoji da kafinta da leburori su ajiye duk abin da suka ci karo da shi. Ta wannan hanya aka tara sama da guda 150 kafin 1977.

3.1 Kogon Rop

A 1944 Fagg ya yi tono a wani kogon dutse da ake kira Rop, kudu da Jos. A nan ya sami ƙasa mai hawa-hawa wadda ba a taɓa dagula ta ba. Hawan ƙasa yana ɗauke da ƙananan tsinin farin dutse da maharba suke ɗaurawa a kibiya ko a ƙota, babu tukunya ko ɗaya. Hawan sama kuwa yana da irin waɗannan duwatsu tare da tsingaro, da kuma ƙasusuwan mutum, waɗanda awo ya nuna daga baya cewa sun kai kimanin shekara 2,000. Wannan bambanci ya nuna sauyin rayuwa a wuri guda, daga zamanin da ba a san girki a tukunya ba zuwa zamanin da aka san shi. Ekpo Eyo, wanda daga baya ya shugabanci Ma'aikatar Kayan Tarihi ta Nijeriya, ya sake tona kogon a 1964.

Rop ta koya wa Fagg abin da mahaƙa ba za ta iya ba shi ba. A kogo, kowane abu yana inda mai shi ya bar shi, na ƙasa ya girmi na sama. A mahaƙa kuwa, ambaliyar dubban damuna ta riga ta kwaso kan yumɓu da gatarin dutse da guntun ƙarfe daga wurare dabam-dabam ta cakuɗa su a kwari ɗaya. Kan Jama'a ya nuna gwanintar magininsa, amma bai faɗi inda maginin ya kwana ba, ko abin da ya shuka, ko shekarar da ya rayu.

4.0 Ma'aikatar Kayan Tarihi da Gidan Tarihi na Jos

A 1947 aka ɗauke Fagg daga aikin mulki aka naɗa shi mataimakin Kenneth Murray a sabuwar ma'aikatar kula da kayan tarihi. Su biyun sun yi tarayya a ra'ayin cewa kayan Nijeriya a Nijeriya ya kamata su zauna. Da ƙoƙarinsu aka kafa dokar kayan tarihi ta 1953, wadda ta hana fitar da irin waɗannan kaya waje ba da izini ba. A 1952 aka buɗe Gidan Tarihi na Jos, wanda Fagg ya tsaya a kan gininsa da kansa, ya zama matattarar kayan Nok da na zamanin dutse da ake samu a filin kuza. Da Murray ya yi ritaya a 1957, Fagg ya gaje shi a shugabancin ma'aikatar har zuwa 1963. A wannan shekara ta ƙarshe ne aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan gidajen tarihi a Jos da tallafin UNESCO, mai koyarwa da Ingilishi da Faransanci, wadda ta karɓi ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama.

A tsakiyar wannan hidima aka sami sabuwar hanyar ƙiyasta shekaru ta awon kabon, wadda Willard Libby ya fito da ita a Amurka a ƙarshen shekarun 1940. Fagg ya aika da guntayen itace daga ramukan Nok aka auna. Sakamakon, tare da nazarin hawan ƙasa, ya sa ya ɗora al'adar Nok tsakanin shekara ta 500 kafin Miladiyya da ta 200 Miladiyya. Wannan ƙiyasi ya girgiza masu ganin cewa Afirka kudu da Sahara ba ta da wani tsohon tarihi na fasaha. Duk da haka shi kansa ya san raunin hujjar, tun da itacen da kan yumɓun ruwa ne ya haɗa su wuri ɗaya.

5.0 Duwatsun Birnin Kudu

A 1955 Fagg ya yi aiki a ƙasar Hausa tsantsa, a Birnin Kudu, wadda take cikin Jihar Jigawa a yanzu. A kogunan Dutsen Mesa da Dutsen Habude ya nazarci zanen shanu a jikin dutse, waɗanda mafi yawansu marasa tozo ne. Wannan muhimmin bayani ne a kan abincin mutanen da, domin shanun da Fulani suke kiwo a yankin a yau masu tozo ne. Zanen ya nuna cewa an yi wani zamani da wani irin garke dabam yake kiwo a wannan ƙasa.

A kusa da zanen ya lura da wasu duwatsu da suke amo kamar kuge idan an buga su, jikinsu duk gurabun bugu na shekaru aru-aru. Ya buga bayaninsu a mujallar Man a 1956, ya biyo da wani a kan su da duwatsun sulɓi a 1957. Bayan haka aka shiga gano irin waɗannan duwatsu masu amo a sassa da yawa na Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka. Matarsa Catherine ta ci gaba da tattara bayanansu, har ta fitar da littafi a kansu a 1997, shekara goma bayan rasuwarsa.

6.0 Taruga: An Kai ga Mazauni

Abin da Fagg ya daɗe yana nema ya samu a 1960, lokacin da aka ba shi labarin wani wuri mai suna Taruga, kudu maso gabas da inda Abuja take a yau. Masu neman ma'adinai sun ci karo da mutum-mutumi a kan tudu, inda ruwa bai kwashe ƙasa ba. Ya yi tono a wurin a farkon shekarun 1960, ya kuma dawo daga Ingila ya ci gaba a ƙarshensu. A zagaye na biyu ya yi amfani da na'urar da take gano gasasshiyar ƙasa da ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa ta hanyar maganaɗisu, abin da yake sabo a Afirka ta Yamma a lokacin.

An gano murhu 13 na narkar da tama, da bututun yumɓu na shigar da iska, da tarin kashin tama, da kayan ƙarfe, da duwatsun niƙa, da tukwanen girki, da gutsattsarin mutum-mutumin Nok, duk a muhalli guda. Gawayin da aka ɗebo daga murhun ya ba da shekaru da suka kama daga wajen ƙarni na 4 kafin Miladiyya. A karo na farko aka iya cewa masu gina mutum-mutumin nan zaunannu ne, suna niƙa hatsi, suna narkar da tama suna ƙera ƙarfe. Taruga ta zama ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren narkar da ƙarfe da aka sani a Afirka kudu da Sahara, ta kuma shiga tsakiyar muhawarar ko fasahar daga arewa ta ƙetaro ko a nan aka ƙirƙire ta. 'Yarsa Angela ta bi sawunsa, ta tona wani mazaunin a Samun Dukiya kusa da Nok, ta buga sakamakon a 1972.

7.0 Komawa Ingila da Rasuwarsa

A 1963 Fagg ya koma Ingila ya zama shugaban Gidan Tarihi na Pitt Rivers a Jami'ar Oxford. Ya kashe ƙarfinsa wajen neman kuɗin gina sabon mazauni ga gidan tarihin, amma kuɗin ba su samu ba, aikin ya wargaje. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a ƙarshen shekarun 1960, ya rage masa kuzari ƙwarai. Ya yi ritaya a 1975, ya fitar da littafinsa a kan mutum-mutumin Nok a 1977, ya rasu a Oxford ranar 14 ga Agusta, 1987, yana da shekara 71. Tonon Taruga, wanda shi ne ƙololuwar aikinsa, bai sami cikakken rahoto a hannunsa ba, sai gajerun maƙalu. Wannan gibi ne na gaske, domin wanda ya tona wuri ya rushe shi, rahotonsa kaɗai ne yake maye gurbin abin da ya rushe.

8.0 Abin da Binciken Baya ya Tabbatar da Wanda ya Gyara

Daga 2005 wata tawaga ta Jami'ar Goethe da ke Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da jami'o'in Jos da Zariya, ta ɗora daga inda ya tsaya. Sun tace ƙasar da suka tona da ruwa don tsamo ƙonannun ƙwayoyi, suka gano cewa gero ne babban abincin mutanen Nok, tare da wake da 'ya'yan itatuwa irin su atili. A 2021 nazarin maiƙon da ya shige jikin tsingaro ya nuna alamar kakin zuma a tukwane da yawa. Sun kuma tura farkon al'adar baya zuwa wajen 1500 kafin Miladiyya, mutum-mutumin ya bayyana a wajen 900, ƙarfe kuma ya biyo baya da wasu ƙarnoni. Mazaunan da aka gano ƙanana ne, sun fi kama da gidajen gona a warwatse.

Ke nan shekarun da Fagg ya bayar sun gajarta, kuma jerin da ya zata na zuwan ƙarfe da mutum-mutumi tare ya sami gyara. Hanyar da ya nuna ce ta tsaya daram: duk waɗannan amsoshi daga gawayi da tsingaro da ƙwayar hatsi suka fito, abubuwan da ɗan kasuwar kayan tarihi yake zubarwa idan ya ɗauke kai.

9.0 Darasi ga Yankin Funtuwa da Malumfashi

Tarihin kudancin Katsina, kamar yadda Yusufu Bala Usman ya tsara shi a littafinsa na 1981 a kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya nuna tsofaffin cibiyoyi irin su Maska da Gozaki da Birnin Kogo, waɗanda suka bunƙasa da noman hatsi da auduga da saƙa da rini. Galibin wannan sani daga bakin dattawa da rubutattun takardu ya fito, su kuwa suna da iyakar da ba sa wucewa. Tambayar su wa suka zauna a gindin waɗannan duwatsu kafin ganuwa, da me suka shuka kafin auduga, ƙasa ce kaɗai za ta amsa ta. Maƙwabta sun nuna cewa amsar tana nan: an tona wuraren narkar da tama a Samaru ta Zariya a shekarun 1970, an sami shaidar aikin ƙarfe a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, kaburburan Durɓi ta Kusheyi kuma, waɗanda Palmer ya fara tonawa a 1907 aka sake tonawa a 1992, sun fito da kayan da suka nuna hulɗa da ƙasashe masu nisa.

Haɗari biyu ne suke fuskantar wannan shaida. Na farko shi ne noman da yake ƙara zurfi da faɗi. Tun daga shirin raya aikin gona na Funtuwa da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, garmar shanu da tarakta suna shiga filayen da a da fartanya kaɗai take taɓawa, ga kuma masu fasa dutse da masu ɗiban ƙasar gini. Na biyu shi ne haƙar sata. A shekarun 1990 kasuwannin Turai sun cika da mutum-mutumin yumɓu da dillalai suke kira na Katsina da na Sakkwato, aka kuma yi wa kufan Kwatarkwashi, a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, mummunar wawura. A 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa waɗannan kaya cikin jerin waɗanda aka fi yi wa barazana a Afirka. Sakamakon shi ne, akwai salon fasaha mai ɗauke da sunan Katsina a gidajen attajiran duniya, alhali Bakatsine ba zai iya nuna ƙauyen da aka gina shi ba. Halin da kan Jama'a ya shiga a 1943 ke nan, sai dai a wannan karo da gangan aka yi.

Rayuwar Fagg ta nuna mafita mai sauƙin kuɗi. Bai fara da na'ura ba, da mutanen da suke taɓa ƙasa kullum ya fara. A yankinmu waɗannan mutane su ne manoma da maharba da magina tukwane da maƙera da masu unguwanni. Ɗalibin Hausa da ya fita tattara tatsuniya ko tarihin gari yana iya tambayar inda ake tsintar gatarin aradu, da gonar da kashin tama ya hana shuka, da sunayen kufai da ma'anarsu, ya rubuta wurin, ya ɗauki hoto, ya bar abin inda yake, ya sanar da Sashen Ilimin Kufai na Jami'ar Ahmadu Bello ko Gidan Tarihi na Katsina. Inda ya kamata a saɓa wa zamanin Fagg shi ne a rubuta sunan wanda ya yi tsintuwar, a kuma koma a gaya wa mutanen garin abin da aka gano, da harshen da suke ji.

10.0 Kammalawa

Bernard Fagg ma'aikacin mulkin mallaka ne, kuma guguwar haƙar kuza da ta ci rayukan talakawa ita ce ta miƙo masa abin da ya yi suna da shi. Haka kuma shi ne mutumin da ya ga kan yumɓu da aka ɗauko daga gonar doya ya gane darajarsa, ya gina masa gida a Jos maimakon ya tafi da shi Landan, ya kuma ƙi gamsuwa har sai da ya kai ga murhu da dutsen niƙan masu shi. Maƙalar ta nuna cewa wannan naci shi ne gadonsa mafi amfani. Kufan Maska da Gozaki da Kogo, da waɗanda ko suna ba su da shi a tsakanin gonakin dawa da masara, suna buƙatar irinsa tun kafin garma da masu haƙar dare su gama da su.